Ƙamshin da Sabulu Ya Tafi da Shi

Ranar da Auta ta wanke mayafin, ba abin da ke ranta sai tsafta. Ta fito daga kicin ne ta tarar da jaririnta, wanda suke kira Ɓulele saboda kumatunsa, zaune a tsakiyar falo ya cusa gefen mayafin a baki yana tsotsa, yawu har ƙirji. Mayafin nan kuwa ba inda bai je ba. Aku tana jan sa a ƙasa daga ɗaki har matakala, ta kwana da shi, ta goge hanci da shi, ta lulluɓe 'yar tsanarta da shi. Da can launin madara ne, yanzu ya koma kamar tsumman goge tebur. Ga shi Ɓulele bai daɗe da tashi daga gudawa ba.

Aku 'yar yayarta ce, shekararta huɗu. Bakinta ne ya ja mata sunan, don tun da ta iya magana ba ta taɓa barin kowa ya ƙarasa tasa ba. Uwarta, wadda duk gidan ke kira Yaya, takan toshe kunnuwa tana dariya ta ce, "Wallahi Aku, wata rana surutunki zai kore ni daga gidan nan." Yaya mai guga ce a wani shagon ɗinki. Ciwon da ya ɗauke ta bai ba kowa lokacin shiri ba. Mijinta direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya fiye da gida, shi ya sa ya kawo yarinyar wajen Auta da jaka ɗaya da mayafin uwarta, idanunsa jajur. Manya suka haɗa baki aka ce wa Aku Mama ta yi tafiya. Ta karɓa, ta ci gaba da surutunta, sai dai ko'ina da mayafin a hannu.

Aku tana makarantar yara lokacin da Auta ta jiƙa mayafin a ruwan zafi, ta zuba sabulu, ta ƙara da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ta cuɗe shi sosai ta shanya. Ya fito fes. Har ta ji daɗi a ranta tana linke shi, tana cewa yarinya za ta ga abin uwarta ya dawo sabo.

Da Aku ta dawo, ko takalmi ba ta cire ba ta nufi mayafin. Ta kai shi hanci. Ta juya ɗaya gefen ta sake shinshinawa. Ta bi shi kusurwa-kusurwa, kamar mai neman allura a cikin tabarma. Sannan ta ajiye shi a kan kujera a hankali, ta dubi Auta.

"Inna, ba nata ba ne."

"Nata ne mana, 'yar lele. Wanke shi na yi, dubi yadda ya yi kyau."

Daga wannan rana bakin Aku ya rufe. Ba kuka, ba rigima. A ba ta abinci ta ci loma biyu ta ture. A tambaye ta, ta gyaɗa kai ko ta girgiza. Malamarsu ta aiko tana tambaya ko yarinyar ba ta da lafiya, don ta daina ko waƙa da 'yan ajinsu. Gidan da a da sai an yi da gaske ake jin rediyo, yanzu har ƙarar firji ake ji.

Mijin Auta mai gyaran firji ne, mutum mai barkwanci, wanda tun farkon aurensu ya laƙaba mata Duba-gari saboda yadda take bin kowane cokali da ruwan zafi. Ya gwada duk dabarunsa a kan Aku: ya ɗora tukunya a ka, ya yi kukan akuya, ya yi kamar Ɓulele ya kayar da shi. Ko murmushi.

"Duba-gari," ya ce da matarsa a kicin, murya ƙasa-ƙasa, "wannan karon kin wanke har da abin da ba datti ba."

"Na sani. Ba sai ka faɗa mini ba."

"Ba faɗa nake yi ba. Garin neman gira ne."

"To idon nake so in mayar, Baban Ɓulele. Ka bar ni in yi tunani."

A cikin jakar da uban Aku ya kawo, ƙarƙashin 'yan riguna, ta sami kwalbar. 'Yar ƙarama ce mai kusurwa huɗu da murfin katako, ba ko ɗigo a ciki. Turaren furen lemo. Auta ta san shi sarai, don sun sha yin cacar baki a kansa. Shi kaɗai ne almubazzarancin Yaya a duniya. Matar da za ta ɗinke takalmi sau uku kafin ta sayi sabo, amma ta tara kuɗin wata da watanni ta je wani ɗan shago ta sayo ruwan da iska ke shanyewa.

"Yaya, wannan kuɗin fa ya isa ki sa wa Aku labule da katifa," ta taɓa ce mata.

"Auta, yini nake ina gyara kwalliyar mutane," in ji Yaya. "Wannan ɗaya dai tawa ce. Ki ƙyale ni."

Washegari Auta ta goya Ɓulele ta shiga kasuwa da kwalbar a jaka. Mai tebur na farko da ta nuna wa ya shinshina murfin ya yi dariya.

"Hajiya, wannan ai na masu kuɗin banza ne. Ga irinsa sak, babbar kwalba, kuɗinsa bai kai na murfin wancan ba. Kuma wannan in kin fesa yau, sai kin wanke rigar sau biyu yana nan."

Lissafin ya yi mata daidai da hankali. Ta saya. Da ta fesa wa mayafin ta miƙa, Aku ta yi atishawa sau biyu, ta tashi ta bar ɗakin. Maigidan da ya shigo da yamma ya tsaya a bakin ƙofa yana buɗe hanci.

"Yaushe muka buɗe shagon alewa ba a gaya mini ba?"

Sai da ta sake wanke mayafin kafin warin zaƙin ya fita. Tana cuɗawa tana jin muryar Yaya a kunnenta tana cewa araha ba ta ado.

Shagon gaskiyar yana wani siririn layi, a saman wani mai gyaran takalma, sai an hau matakalar ƙarfe mai kaɗawa. Ɗaki ne ɗaya, labule a sake don kada rana ta taɓa kwalabe. Wani dattijo mai tabarau ne a ciki, shi ke haɗa turarukan da hannunsa, kaɗan-kaɗan. Da ya faɗi kuɗin kwalba, Auta ta gyara goyonta ta ce ya maimaita. Ya maimaita.

"Baba, zinariya ake narkawa a ciki?"

"Da zinariya ce ai da ta daɗe," in ji shi. "Bari in gaya miki gaskiya, 'yata, don kada ki dawo kina zagina. Furen lemo baƙon safe ne. Ki fesa da hantsi, kafin la'asar ya yi sallama. Kwando nawa na fure ake tatsa kafin a sami cikin cokali, shi ya sa tsadar. In abin da zai daɗe kike nema don kuɗinki, sauka ƙasa, masu tebur sun fi ni."

"Na riga na je wajensu."

Ta ciro tsohuwar kwalbar ta ajiye a gabansa. Ya ɗauka ya juya ta, ya dube ta ta saman tabarau.

"Ta mai guga ce wannan. Mai tabon ƙuna a bayan hannu. Ita kaɗai ke dawo mini da kwalba a wanke in sake cika mata. Ta kwana biyu ba ta leƙo ba."

"Yayata ce. Ta rasu."

Dattijon ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Ya yi wa mamaciyar addu'a. Auta ba ta yi niyyar ba shi labari ba, amma ta tsinci kanta tana faɗa masa komai, har da ruwan zafin da maganin. Bai ce ta yi kuskure ba, bai kuma ce ba ta yi ba. Ya ɗauko wata 'yar kwalba da ba ta wuce ɗan yatsa ba, ya ce zai iya tsiyaya mata daidai ƙarfinta.

Abin da ke jakarta kuɗin gadon Ɓulele ne. Yaron ya fi ƙarfin kwandon da yake kwana a ciki, ƙafafunsa har suna leƙowa, kuma ta riga ta yi magana da kafinta. Ta tsaya tana jin nauyinsa a bayanta, yana barci, numfashinsa na ɗumama mata wuya. Sannan ta zazzage jakar a kan teburin.

A gida ta jira har Aku ta zauna a gefen gado, ta fesa wa mayafin sau uku, ta ajiye kusa da ita. Yarinyar ta ɗaga kai. Ta jawo shi, ta nutsa fuskarta a ciki, ta daɗe. Da Aku ta ɗago, idanunta sun yi wani haske na ɗan lokaci, kamar wanda ya hango nasa a cikin taro. Sai hasken ya mutu. Ta girgiza kai, ta ture mayafin, ta juya ta fuskanci bango.

Kafin magariba ƙamshin ya tafi, kamar yadda dattijon ya faɗa. Auta ta ɗaga 'yar kwalbar a hasken taga ta ga yadda ta ragu. Sa'a ta leƙo ta koma. Ta shiga kicin ta buɗe famfo a kan kwanukan da ta riga ta wanke, don kada a ji ta. Maigidan ya shigo ya tsaya a bayanta. Wannan karon bai tsokane ta ba. Ya miƙa hannu ya rufe famfon, ya ce, "Ɓulele zai kwana a tsakaninmu. Ni dama ina son mai shurina da asuba."

Ana cikin haka mai shagon ɗinkin da Yaya ta yi wa aiki ta aiko cewa a zo a kwashe 'yan kayanta. Auta ta yi ta ɗagawa, don ba ta son ganin wurin, amma daga baya ta je. Ta wuce telolin da kekunansu, aka nuna mata ɗan ɗakin baya inda ake guga. Tana sa ƙafa ta tsaya cak. Tururi, zafin auduga, sitaci da ya ji wuta. Ba turare a ɗakin ko kaɗan, amma sai ta ji kamar Yaya ta fita yanzun nan za ta dawo.

Mai shagon, wata babbar mace mai tef ɗin awo a wuya, ta haɗa mata silifas da kofi da rigar aiki a leda. Ta ga yadda Auta ke jan numfashi.

"Kina jin ta, ko? Ni ma kullum. Sai dai babu furen lemon nan nata na safe."

"A nan take fesawa?"

"Fesawa? Yayarki? Ai ba ta fesa turare kamar mutane. Marowaciyar turare ce ta gaske, Allah ya jiƙanta." Matar ta yi dariya, idonta na kawo ruwa. "Kullum da safe kafin ta taɓa kayan kowa, sai ta shimfiɗa mayafinta a teburin nan, ta fesa sau ɗaya tak. Ɗaya fa. Ta ɗora ƙyallen gugarta mai danshi a kai, ta danna dutse. Wai zafi ne ke ɗaure shi a zare, in ba haka ba iska ta sha kuɗinta. Yaran nan su yi ta tsokanarta, suna cewa Anti, yau ma an soya turaren? Ita kuwa ta ce ku yi dariya, kwalbata shekara take yi."

Auta ta dubi teburin. A gefensa, rataye a ƙusa, ga wani farin ƙyalle da ya koma ruwan ƙasa don ƙuna, duk ya yi tauri da sitaci. A wata rana daban, da hannu biyu za ta ɗauke shi ta jefa a bokitin wanki.

"Hajiya, wannan ne ƙyallen?"

"Shi ne. Na hana kowa taɓawa."

"Ki ba ni shi don Allah. Kuma kada a kakkaɓe."

Ranar Asabar da hantsi, maigidan yana falo yana kwance wata fanka, Ɓulele na rarrafe a gefensa, Aku kuma tana ɗaki a kwance ido biyu. Auta ta shimfiɗa bargo a kan teburin cin abinci, ta jona dutsen guga. Ta baza mayafin. Ta fesa sau ɗaya. Ta yayyafa wa ƙyallen ruwa da yatsu, ta ɗora, ta danna.

Tururin ya taso ya bugi fuskarta. Sai da ta dafa teburin da ɗaya hannun. Wannan ba ƙamshin shagon dattijo ba ne, mai sanyi kamar lambu da asuba. Wannan mai ɗumi ne, furen lemo da sitaci da ɗan ƙauri. Ƙamshin kafaɗar da ta sha kuka a kai ne, ranar da ta faɗi jarrabawa, da ranar da naƙuda ta kama ta.

Sai ta ji ƙafafu a guje.

"Mama! Mama ta dawo!"

Maigidan ya saki sukudireba. Aku ta wuce Auta kamar ba ta gan ta ba, ta nufi ƙofar waje ta buɗe, ta leƙa matakala. Ta dawo ta yaye labulen falo. Ta shiga kicin, ta shiga banɗaki, ta duba bayan ƙofa, tana dariya, muryarta a dushe don daɗewa ba a yi amfani da ita ba.

"Mama, fito! Na ji ki! Ba kyau ɓuya, na ji ki wallahi!"

Auta ta kasa motsi. Abin da ta yi ta nema ke nan, muryar nan, ga shi ta samu, kuma kowace kalma kamar ana soka mata allura. Ta dubi mijinta. Ya sunkuyar da kai.

Aku ta dawo ta tsaya a gaban teburin tana haki. Ta dubi mayafin, ta dubi dutsen gugar, ta dubi hannun da ke riƙe da shi. Dariyar ta fara zamewa daga fuskarta.

"Inna, ina ta ɓuya?"

Auta ta zare wayar dutsen daga bango, ta ɗora shi can saman kabad inda hannun yara ba ya kaiwa. Sannan ta durƙusa har idonta ya yi daidai da na yarinyar. Maganar tafiya tana bakinta, a shirye, mai sauƙi. Ta haɗiye ta.

"Ba ta ɓuya ba, Aku. Ni ce na goge mayafin yadda take yi. Mama ba tafiya ta yi ba. Mun faɗa miki ba daidai ba. Ta yi ciwo, ta rasu. Wanda ya rasu ba ya dawowa."

"Ko gobe?"

"Ko gobe."

Aku ta murza gefen rigarta.

"Ko na daina surutu?"

"Me kika ce?"

"Ta ce surutuna zai kore ta. Ta tafi. Ƙamshin ma ya tafi. Ai na yi shiru, Inna. Na daɗe ina yin shiru."

Wani sauti ya fito daga ƙirjin Auta wanda ba ta san tana da shi ba. Ta jawo yarinyar ta ƙanƙame.

"Wasa take yi miki, 'yar lele. Wasa ne. Surutunki ne abin da ta fi so a duniya, har a waya take ba ni labarin abin da kika faɗa. Ciwo ne ya ɗauke ta, ba ke ba. Ƙamshin kuma ni ce na wanke shi da sabulu. Ni ce, ba ke ba."

Sai a lokacin Aku ta yi kuka, kukan da ba ta yi ba tun ranar da ubanta ya kawo ta. Ta yi shi da dukan jikinta, tana dukan kafaɗar Auta da 'yan hannuwanta, tana kiran Mama. Ɓulele ya tsorata ya tsanyare, ubansa ya ɗauke shi ya fita da shi matakala. Auta ba ta ce ta yi haƙuri ba, ba ta ce ya isa ba. Ta miƙa hannu ta jawo mayafin daga tebur, da sauran ɗuminsa, ta lulluɓe su su biyu.

Rana ta yi sama kafin kukan ya koma ajiyar zuciya. Aku tana kwance a cinyarta, gefen mayafin a hanci, idanunta a kumbure. Ta hango 'yar kwalbar a kan tebur.

"Saura da yawa?"

Auta ta ɗaga ta ta duba. "Kaɗan ne."

"In ya ƙare fa?"

"Sai mu je wajen mai yin sa, ni da ke. Amma ba da wuri ba. Yana da tsada."

"To ki riƙa sa ɗaya kawai," in ji Aku. "Mama ɗaya take sawa."

"Ɗaya zan riƙa sawa."

Ta naɗe kwalbar a cikin ƙyallen gugar, ta tura can cikin kabad inda rana ba ta shiga. Da ta juyo, maigidan ya dawo ya sauke Ɓulele a ƙasa. Yaron ya rarrafo kai tsaye, ya cafki gefen mayafin da ke jan ƙasa, ya buɗe baki. Hannun Auta ya tafi da kansa zai fizge. Aku ta riga ta.

"Kai Ɓulele, ba a ci," ta ce, muryarta a shaƙe. "Shinshinawa ake yi. Ka ga, haka."

Ta kai masa hanci. Ya yi atishawa, yawunsa ya ɗiga a kan mayafin. Auta ta ga ɗigon yana bazuwa a zaren. Ta mayar da hannunta ta ɗora a cinya.